Gashin Aro da Amanar Kai

Kalmar "kai" a bakin Bahaushe tana da fuska biyu. Ita ce sunan gaɓar da gashi yake tsirowa a bisanta, kuma da ita muke nufin mutum da zatinsa, kamar inda mukan ce wance ta san ciwon kanta, ko wane ya yaudari kansa. Don haka ranar da budurwa ta fara zama gaban makitsiya domin a yi mata ƙarin gashi, abin da za a ɗora mata yana sauka ne a kan duka biyun. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan magana a matsayin ƙaramar harkar mata da ba ta cancanci a ɗaga mata alƙalami ba. Ni kuwa ina ganin akwai babbar tambaya ta ɗabi'a a cikinta. Shin ado yana da iyakar da idan ya tsallake ta ya zama ƙarya? Idan kuma yana da ita, wa za a tuhuma: wadda ta saka gashin, ko waɗanda suka sa ta ji cewa nata bai isa ba?

Garinmu Batagarawa wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya. Yana dab da birnin Katsina ta kudu, a kan hanyar Dutsin-ma, hanyar da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suke a kanta. A ɗakin kwanan ɗalibai guda sai ka tarar da yarinyar da ta taso a Ajiwa ko Bakiyawa tare da wadda ta zo daga Abuja ko Kaduna ko Legas. Ta farkon ta saba da shuku da kalaba da zanen yawo, kitson da ake yi mata a kan tabarma a tsakar gida. Ta biyun ta zo da gashin kanti a cikin akwatinta. Kafin zangon karatu ya ƙare ɗaya ta ɗauki wani abu daga ɗayar, kuma galibi an san wadda take koyi da wata.

Yadda ake yin sa

Abin da muke kira gashin doki ba shi da alaƙa da doki. Iri biyu ne. Akwai na roba, wanda ake sarrafawa a masana'anta daga sinadarai, kamar zaren Kanekalon na kamfanin Kaneka da ke Japan. Akwai kuma gashin ɗan Adam na gaske, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Mai kyau daga cikinsa yakan haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya a 2024. Hanyoyin sakawa ma sun bambanta. Wani a kitsa shi tare da gashin mace silin-silin, wani a manna shi da gam, wani kuma hula ce da ake kifawa a cire. Wanda 'yan birni suke kira wibon shi ne wanda ake fara yi wa mace kitso kwance, sannan a ɗinka jeren gashin a kan kitson da allura mai lanƙwasa. Wata baƙar fatar Amurka mai suna Christina Jenkins ce ta nemi rajistar wannan dabara ta ɗinki a 1951.

Adalci ne a faɗi cewa ƙari a kan gashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun yi doka, inda ake ɗora ƙunshin tsumma a tsakiyar kai a kitsa gashi a kansa har ya yi tozo. Iyayenmu sun yi kitson zare da na ulu. Bambancin shi ne duk wanda ya ga doka ya san doka ce, wanda ya ga ulu ya san ulu ne. Sabon abin da ya zo shi ne gashin da aka ƙera domin a ɗauka cewa a kan ya tsiro.

Abin da malamai suka faɗa

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, labarin wata mata da ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman izinin ƙara wa 'yarta gashi. Yarinyar amarya ce, ƙyanda kuma ta zubar mata da gashi. Bai ba ta izini ba, ya kuma bayyana cewa la'ana tana kan mai ƙarawa da wadda ta nemi a ƙara mata. An kuma ruwaito cewa Mu'awiya ya ɗaga wani curin gashi a kan mumbarin Madina yana tambayar mutanen garin ina malamansu, kuma ya ambata cewa Annabi ya kira wannan aiki da sunan zur. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, domin ita ce a cikin "shaidar zur". Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan Katsina tun zamanin kakanni, shi ma ya kawo wannan hani.

Malamai sun haɗu a kan gashin ɗan Adam, sun rarrabu a kan waninsa. Imam Malik ya hana ƙari da kowane irin abu, gashi ne ko ulu ko tsumma. Hanafawa sun taƙaita haramcin ga gashin mutum. Shafi'awa sun yi rangwame ga matar aure da ta sami izinin mijinta, idan gashin mai tsarki ne kuma ba na mutum ba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, ya ware zaren alharini mai launi wanda ba ya kama da gashi, ya ce wannan ado ne kawai, bai shiga cikin hanin ba.

Fatawa aikin malamai ne, kuma hukuncin ya wadatar da mai imani. Amma ina ganin akwai amfani mu nemi hikimar da ke bayansa, domin hukuncin da aka fahimci dalilinsa ya fi zama a zuciya. Da na yi nazari, sai na ga ƙarin gashi yana taɓa haƙƙin mutum uku: mai kallo, da mai asalin gashin, da wadda aka ɗora wa.

Haƙƙin mai kallo

Hujjar da aka fi kawowa ita ce duk ado ƙari ne. Lalle ƙari ne, kwalli ƙari ne, ɗan kunne ma ba a haifi kowa da shi ba. Me ya sa za a ware gashi? Amsata ita ce lalle yana faɗin sunansa da kansa. Babu wanda ya taɓa ganin zanen ƙunshi a hannun amarya ya zaci da shi aka haife ta. Gashin kanti kuwa darajarsa a kasuwa tana tashi ne gwargwadon yadda ya iya ɓoye asalinsa. Wanda aka fi yabo shi ne wanda ba a gane ba, makitsiyar da aka fi nema ita ce wadda ba a ganin ɗinkinta. Duk abin da ma'aunin ingancinsa ya zama ma'aunin iya ruɗin idon mutane, to akwai zur a cikin ƙirarsa tun daga masana'anta, ko da wadda ta saya ba ta yi niyyar cutar kowa ba.

Za a iya cewa ai yanzu kowa ya waye, ba a ruɗin kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wadda ta yi kitso da jan zare har ƙugu ba ta ce wa kowa nata ne ba, kuma wannan ne gurbin da wasu malamai suka bari. Amma wadda ta fito a hoton biki da gashi mai santsi kwance a kafaɗa, ƙawayenta suka yi ta yabo a WhatsApp, ta karɓi yabon ta yi shiru, ta san abin da shirun ya faɗa. Cutar kuma ba ta tsaya ga namijin da zai aure ta ba. Ƙanwarta 'yar shekara 13 da take kallon hoton ita ce ta fi cutuwa, domin za ta koma gaban madubi ta auna kanta da ma'aunin da ita kanta mai hoton ba ta kai ba.

Haƙƙin mai asalin gashin

Duk silin gashin mutum da ke kasuwa a kan wata mace ya tsiro. Mai yawa daga cikinsa daga Indiya yake fitowa. A wurin bautar Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh, masu ziyara maza da mata suna aske kawunansu domin cika alwashin da suka yi wa abin bautarsu, hukumar wurin kuma ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Wani gashin kuwa daga matsefin matalauta ake tsinto shi a ƙauyukan Indiya da Bangaladash da Myanmar, mata su wuni suna warware shi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai a kai shi masana'antu, irin na birnin Xuchang da ke ƙasar Sin, a wanke, a rina, a liƙa masa sunan Brazil ko Peru.

Wasu al'ummu sun riga mu tsayawa a kan wannan tambaya. A 2004 manyan malaman Yahudawa masu riƙon gargajiya sun hana matansu sanya hular gashin da aka yi da gashin wuraren bautar Indiya, har aka ƙona irin waɗannan huluna a Isra'ila da Amurka. A 2020 jami'an kwastan na Amurka sun kama kimanin tan 13 na kayan gashi daga yankin Xinjiang bisa zargin cewa da aikin tilas aka samar da su. Mu kuwa mutane ne da kakarmu idan ta taje kai takan tattara gashin da ya zuba ta binne, ko ta cusa shi a ramin katanga, saboda ta ɗauke shi wani yanki na jikinta da bai kamata ya faɗa hannun kowa ba. Malamai ma daga cikin dalilan da suka bayar akwai karamcin ɗan Adam, cewa gaɓoɓinsa ba haja ba ne. Abin mamaki ne jikar wadda take binne gashinta ta sayi na wata ta ɗora a kai, ba ta san ko alwashi ne ya raba waccan da shi, ko yunwa, ko tilas.

Haƙƙin kan da aka ɗora wa

Wannan shi ne haƙƙin da aka fi mantawa, kuma kula da gashin aro ita take fallasa shi. Ranar farko kai yakan yi zugi, wata har sai ta sha maganin ciwon kai kafin ta iya barci, a ce mata ai kyau sai da wahala. Likitocin fata kuwa sun ce wannan zafi gargaɗi ne. Jan da kitso mai tsauri da nauyin gashin suke yi wa saiwa yana cinye gaban goshi da gefen kunne a hankali. Idan aka daina da wuri gashin yakan dawo. Idan aka daɗe ana maimaitawa saiwar takan mutu, wurin ya zama sanƙon da babu man da zai tsirar da shi. Wani bincike da likitocin fata suka yi a Afirka ta Kudu ya sami irin wannan zubewar gashi a kan kusan ɗaya cikin uku na matan da aka duba.

Sai kuma a haɗa da yanayinmu. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40. Kitso a ƙasa, gashin aro a sama, ɗankwali da hijabi a bisansu, gumi kuma ba shi da hanyar fita. Daga nan sai amosani da ƙaiƙayi da wari, ka ga yarinya a aji tana bubbuga kanta da tafin hannu saboda yatsa ba ya isa inda yake mata ƙaiƙayi. Masana sun ce kada ya wuce mako 6 zuwa 8 a kai, a riƙa wanke fatar kan, a tabbatar kitson ƙasa ya bushe sarai, a kuma bar kai ya huta kafin a sake. Amma wadda ta zuba kuɗin da ta daɗe tana tarawa ba ta son tsefewa da wuri. Ga kuma alwala, wadda a mazhabarmu ake shafar kai gaba ɗaya, ga wankan tsarki da ake buƙatar ruwa ya isa saiwar gashi. An yi wa mace rangwamen barin kitsonta a wanka matuƙar ruwa yana ratsawa, amma gam da ɗinki mai tsauri suna iya tare shi. Sai lissafin ya juye: ana yi wa gashin aro tanadin mai da shamfu da hular barci, na gadon kuwa yana ƙasa yana karyewa. Idan gaban goshi ya cinye, sai a sake sayen wani domin a rufe ɓarnar na farko. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan kuwa har yakan yaye inda da yake a rufe.

Masu cewa "kaina ne, ina da ikon yin abin da na ga dama da shi" sun faɗi rabin magana. Kanta ne, shi ya sa ba wanda yake da ikon fizge mata ɗankwali ko ya ci mutuncinta. Amma a fahimtarmu jiki amana ne, mai riƙon amana kuma ba ya ɓata ta don ya burge baƙo.

In ɓera da sata

Duk da haka zalunci ne a tsaya a nan, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin bikin wata ƙawarta, ƙanwata ta same ni ta ce, "Yaya, duk ƙawayen amarya sun shirya za su saka. Ni kaɗai zan zama saniyar ware?" Na tambaye ta ko gashin take so. Ta yi shiru, can ta ce, "Ba na son a yi mini dariya ne idan an cire ɗankwali wajen kwalliya." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan fito da gaskiyar lamarin ba. Yawancin masu sakawa karo na farko tsoro ne yake kai su, tun kafin sha'awa.

Wa ya dasa tsoron? Mu ne. Shekaru aru-aru muna kallon finafinan Indiya, har aka koma fassara su da Hausa. Littattafanmu na soyayya da wuya ka ga tauraruwar da ba fara ba ce mai gashi har gadon baya. Idan muna yabon yarinya sai mu ce kamar Balarabiya, kamar ita kanta Bahaushiyar ba abin kwatance ba ce. Ranar buɗar kai dangin ango sukan ƙare wa amarya kallo, a koma gida a yi ta zancen gashinta. Kishiya ta yi habaici da shi, miji ya yi ta kallon matan waya yana ajiyar zuciya, sannan shi ne zai fara ɗaga murya idan ya ga gashin doki a ɗakinsa. Mun ce wa yarinya gashinta mai tauri da murɗewa aibi ne, da ta nemi rufe aibin sai muka ce ta yi zunubi. A ganina zur ɗin farko shi ne wanda aka faɗa mata, cewa halittarta tana da gyara. Na kanti a bayansa ya biyo.

Akwai kuma waɗanda lalura ta raba da gashinsu, kamar masu shan maganin ciwon daji ko waɗanda wuta ta ƙona. Wasu malaman zamani, ciki har da Shaihu Ibn Usaimin, sun yi rangwamen hular gashi ga macen da ba ta da gashi sam, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja wanda aka yanke masa hanci a yaƙi, Annabi ya ba shi izinin sanya na zinariya. Mu da muke ganin mace daga nesa ba mu san wace ce mai lalura ba, wannan kaɗai ya isa ya sa mu kama bakinmu. Haka makitsiyar da take ciyar da marayu da wannan sana'a; wanda yake son ta bar ɗinkin wibon, to ya fara biyan kitson gargajiya kuɗin da ya dace da wahalarsa, maimakon a wuni a gabanta a miƙa mata abin da bai sayi mudun gero ba.

Matsayata

Ina ganin iyakar tana nan a sarari. Adon da yake bayyana kansa, bai cutar da jiki ba, bai hana ibada ba, bai kuma fito daga jikin wani ɗan Adam ba, yana da fili a wajen wasu malamai, kowa kuma ya bi wanda ya amince da iliminsa. Gashin mutum, da duk wanda aka yi domin a ɗauka na mai shi ne, barinsa ya fi. Wadda ta riga ta saka kuma, ciwon kai da ƙuraje a gefen goshi alamu ne na a tsefe ba tare da jinkiri ba, komai kuɗin da aka kashe.

Amma nauyi mafi girma yana kan waɗanda ba su taɓa zama gaban makitsiya ba. Uwa ta daina yi wa 'yarta gori lokacin tsifa, ta koya mata wanke kai da karkashi da shafa man kaɗanya kamar yadda aka koya mata. Marubuci ya ba mu tauraruwa mai gajeren gashi da ake so saboda hankalinta. Mai wa'azi idan ya karanta hadisin ƙarin gashi, ya haɗa da ayar Suratul Hujurati da ta hana wasu mata yi wa wasu mata izgili. Miji ya yabi kalabar matarsa da bakinsa, a gabanta. Idan aka yi haka, yarinyar da ta taso a Bakiyawa za ta iya cire ɗankwalinta a cikin ƙawayenta na jami'a ba tare da gabanta ya faɗi ba, kuma idan aka miƙo mata gashin kanti ta ce a'a, ba za ta ji ta yi asarar komai ba.